Yadda za ka yi amfani da wayarka ka gano inda rana za ta tsaya a sama kafin ka kafa sola ko ka ja layin alƙibla

Jama'a assalamu alaikum. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayanin shi ne abin da ya same ni da solar gidana, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. An kafa min fanel huɗu a watan Yuni, lokacin damina ta fara kankama, wanda ya yi aikin ya hau kwano ya duba ya ce ai nan babu inuwa ko ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, a ranar babu. Komai lafiya lau har kaka ta wuce. Hunturu na shigowa sai na ga batir baya cika, ƙarfe tara na dare inbata ta fara kuka, na wanke fanel na sake wankewa ina zaton ƙura ce, ashe tankin ruwan da ke kudu da fanel ɗin ne yake kwantar musu da inuwa tun hantsi. Tankin bai motsa ba, fanel basu motsa ba, rana ce ta sauya hanya. Kuma wallahi da na san akwai shafukan da za su nuna min wannan a waya kyauta cikin minti biyar da ban yi asarar kuɗin sake ɗaurin ƙarfe ba.

Toh bari mu bi abin daki-daki. Zan riƙa misali da Kano saboda nan nake, kai sai ka sa garinku.

Lambobi biyu da dole ka gane tukunna

Duk shafin da za ka buɗe, abu biyu yake gaya maka game da rana, in ka gane su ka gama rabin aikin.

Na farko tsayin rana, wato digiri nawa ta ɗaga daga ƙasa. Lokacin da take ɓullowa 0 ne, in tana tsakiyar ka daidai 90 ne. A shafukan za ka ga an rubuta Altitude ko Elevation, duk abu ɗaya ne.

Na biyu azimut, wato ta wane ɓangare take. Ana fara ƙirga daga arewa a zagaya ta hannun dama kamar agogo, arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. In aka ce maka azimut 125 toh rana tana tsakanin gabas da kudu kenan, ta ɗan fi kusa da gabas. Inuwa kuma kullum tana kishiyar wannan, ka ƙara 180 ko ka cire 180 ka samu inda za ta kwanta.

Mataki na 1, samo lambobin inda kake

Buɗe Google Maps, ka nemo rufin gidanka, ka ɗora yatsa a kai ka danne na ɗan lokaci har jan alama ta fito. Za ka ga lambobi biyu, na farko latitud na biyu longitud. Kano wajen 12.0 da 8.5 ne, Sakkwato wajen 13.1 da 5.2, Maiduguri 11.8 da 13.2, Damagaram 13.8 da 9.0, Abuja 9.1 da 7.5. Kwafe su ka ajiye. Kar ka juya su, in ka sa longitud a gurbin latitud shafin zai kai ka wani gari daban ya yi ta baka lissafi mai kyau amma ba naka ba. Kuma kar ka sa alamar cirewa a gaba, mu arewa da tsakiyar duniya muke kuma gabas da layin Girinwic, wato inda ake fara ƙirga longitud, lambobinmu duka biyun babu cirewa. 'Yan uwanmu na Kumasi da Tamale su ne longitud ɗinsu ke ɗaukar alamar cirewa saboda suna yamma da layin.

Mataki na 2, buɗe SunCalc

Wannan shi na fi so wa mai farawa saboda da ido kake ganin abin. A burauza ka rubuta suncalc.org, taswira za ta buɗe, ka liƙa lambobin nan naka a wajen nema ko ka ja alamar da hannu har ta hau kan rufinka. In data ɗinka za ta ɗauka ka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan adam yadda za ka ga gidan da katangar da bishiyar maƙwabci, a nan ne abin yake daɗi.

Za ka ga da'ira a kan gidan. Akwai layi da ke nuna inda rana za ta fito a ranar, wani inda za ta faɗi, wani kuma inda take a lokacin da ka zaɓa. Siririn lanƙwasasshen layin nan shi ne hanyar da za ta bi a ranar, shi kuma faffaɗan wurin da aka shafa wa ruwan ɗorawa shi ne duk filin da take yawo a ciki a tsawon shekara. Ka riƙe wannan, duk lokacin da ɗigon rana ya matso tsakiyar da'irar toh ta yi sama kenan, in ya koma baki-baki tana ƙasa.

A saman shafin akwai abin ja na lokaci, ka ja shi daga asuba zuwa magariba ka ga ɗigon yana tafiya. A gefe kuma lambobi na canzawa, Sunrise fitowa, Sunset faɗuwa, Culmination shi ne rana tsaka wato zawali, sai Altitude da Azimuth da muka yi bayani, sai Shadow length tsawon inuwa. A ƙasan tsawon inuwar akwai wajen da za ka sa tsayin abin da kake so, yana zuwa da mita 1, ka canza ka sa tsayin katangarka ko tankinka shi kuma ya lissafa maka.

Kafin ka yarda da komai duba agogon shafin. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk awa 1 muke gaba da agogon duniya, Gana daidai take da shi, Sudan awa 2. In ka ga an ce rana za ta fito Kano ƙarfe biyar da 'yan mintuna a watan Janairu toh agogon ne bai zauna ba, gyara shi.

Mataki na 3, kar ka duba yau kaɗai

Nan ne inda mai aikina ya faɗi kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mutum zai buɗe shafin ya ga na yau ya rufe. A'a malam, canza kwanan watan. Ranaku uku ne dole, 21 ga Disamba, 21 ga Yuni, sai 21 ga Maris wanda kusan ɗaya yake da 23 ga Satumba.

Dalilin shi ne duniya a karkace take juyawa, karkatar wajen digiri 23.4, shi ya sa rana take lilo tsakanin arewa da kudu a shekara. Ga abin da za ka gani in ka sa Kano.

Ran 21 ga Disamba rana tana fitowa a azimut wajen 114, wato ta zame kudu da gabas sosai, da rana tsaka tsayinta wajen digiri 55 ne kawai kuma tana kudu, inuwar komai tana kwanciya arewa, yinin kuma awa 11 da minti 25 ne. Ran 21 ga Yuni tana fitowa a wajen 66, arewa da gabas, da rana tsaka tana wajen 79 amma fa a AREWA da kai, inuwa tana faɗawa kudu, yinin awa 12 da minti 50. Ran 21 ga Maris tana fitowa gabas sak ta faɗi yamma sak, tsayinta da rana tsaka 78 ta kudu.

Kaga kenan tsakanin Disamba da Yuni wurin fitowarta kaɗai ya matsa kusan digiri 48, ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffinmu sun san wannan sarai ba tare da waya ba, shi ya sa mai teburi a bakin titi yake sauya inda yake kafa rumfarsa, kuma majalisar unguwa da hunturu wata katangar take jingina da ita, da damina wata. Mu ne dai muka daina kallon sama.

Akwai wani abu da mu muke da shi wanda mutanen Turai basu da shi, kuma shi ya sa bidiyoyin da ake yi a can game da sola suke ɗan rikita mutane a nan. Su da rana tsaka kullum rana kudu take musu, har abada bata hawa kansu. Mu kuwa sau biyu a shekara take tsayawa a tsakiyar kanmu daidai. A Kano wajen 21 ko 22 ga Afrilu da kuma wajen 21 ga Agusta, a Abuja wajen 13 ga Afrilu da 30 ga Agusta, a Agadas wajen 8 ga Mayu da 5 ga Agusta. A ranar in ka kafa sanda a miƙe da zawali inuwarta ɓacewa take yi. Tsakanin waɗannan ranakun biyu rana tana arewa da kai, sauran shekarar kuma, watanni takwas a Kano, tana kudu. Ka gwada da yara a tsakar gida ran 21 ga Afrilu da kwalba ko turmi, suna jin daɗin abin sosai.

Mataki na 4, auna inuwa

Ɗauki tef ka hau. Duk abin da ya fi wurin fanel tsayi ka auna shi, tanki, katangar bene, dish, bishiyar darbejiya ko mangwaro, har falwayar wuta. Abin da kake so shi ne da nawa ya FI wurin fanel tsayi, ba tsayinsa daga ƙasa ba. In tanki yana mita 6 daga ƙasa fanel kuma suna mita 4, toh mita 2 za ka sa. Sai ka auna nisan da ke tsakaninsu, ka kuma lura ta wane ɓangare yake.

Yanzu a SunCalc sa 21 ga Disamba, sa tsayin, ka duba lokaci uku. Da rana tsaka a Kano inuwa tana kai kashi 0.7 na tsayin abu, wato tankin mita 2 zai jefa mita 1.4 zuwa arewa. Da ƙarfe 9 na safe kuwa rana tana wajen digiri 29 ne kawai, azimut wajen 125, inuwa ta kai ninki 1.8, tankin nan zai jefa sama da mita 3 da rabi zuwa arewa maso yamma. Da yamma wajen huɗu saura kwata sai abin ya juya, tsayi ɗaya amma zuwa arewa maso gabas. Toh ka zana wannan a kan rufin da alli ko gawayi, layi uku daga gindin tankin, duk abin da ya faɗa cikin wannan fankar kar ka sa fanel a ciki. Ni nawa mita 2 ne kacal tsakaninsu da tankin kuma a arewa maso yamma da shi, kaga dole.

Sai ka maimaita da 21 ga Yuni saboda abubuwan da ke arewa da fanel. Wannan yawanci da sauƙi tunda rana tana sama sosai da tsakar rana inuwa gajeruwa ce, wajen kashi 0.2, amma da safe da yamma bene mai tsayi da ke arewa maso gabas ko arewa maso yamma zai iya cin maka awa guda.

Kuma kar wani ya ce maka ai ɗan gefe ne kawai inuwar ta taɓa. Fanel ɗin da aka jera a layi ɗaya kamar bututu ɗaya ne, in ka matse wuri guda ruwan duka yake raguwa. Akwai 'yan diyod a ciki da suke tsallake ɓangaren da ya shiga inuwa amma duk da haka asara ce, ɓangaren gaba ɗaya ya tafi hutu. Burinka daga ƙarfe 9 zuwa wajen 3 da rabi ko 4 kar komai ya taɓa su, nan ne ƙarfin ranar yake.

In layi biyu za ka jera ɗaya bayan ɗaya a kan dakali ko decking, su ma suna yi wa juna inuwa. Misali manyan fanel ɗin nan na wat 550 tsawonsu wajen mita 2.3 ne, in ka karkata su digiri 15 bayan yana ɗagawa wajen santimita 60, toh a Kano ka bar tazarar santimita 65 zuwa 70 tsakanin layi da layi ka huta.

Mataki na 5, karkata da fuskanta

SunCalc zai gaya maka inda rana take amma ba zai gaya maka wutar da za ka samu ba. Wannan aikin PVGIS ne, na cibiyar bincike ta Tarayyar Turai, kyauta ne kuma ya haɗa da Afirka. Rubuta PVGIS a Google ka shiga, ya fi daɗi a kwamfuta amma waya ma tana yi in ka kwantar da ita. Sa lambobin gidanka, sa ƙarfin fanel ɗinka a kilowat, wato huɗu masu wat 550 sun zama 2.2, ka bar asarar da ya sa ta kashi 14 yadda take, ka danna akwatin da ke cewa ya zaɓo maka karkata da fuskanta mafi kyau, sai ka danna ya nuna sakamako. Zai baka wutar kowane wata a jere da ta shekara.

Tarko ɗaya a nan, ka kula sosai. Azimut ɗin PVGIS ba irin na SunCalc ba ne. A wurinsa 0 kudu ne, gabas 90 da alamar cirewa, yamma 90. In ka sa 180 kana nufin kudu toh arewa ka fuskantar da su.

Abin da zai fito maka a ƙasarmu baya nisa da latitud ɗin garin, digiri goma sha wani abu, fuskar kudu. Ni shawarata ko lissafi ya nuna bambancin kaɗan ne kar ka kwantar da fanel shamal, ka basu aƙalla digiri 10 saboda ruwan sama ya gangara da datti, in ba haka ba laka take taruwa a gefen ƙasa ta bushe ta zama inuwar kanta. Sannan ka yi wasa da shi, sa karkatar kwanon gidanka na gaske da inda ya fuskanta ka kwatanta da mafi kyawun, sau da yawa za ka ga bambancin bai kai kuɗin walda sabon ƙarfe ba. Inuwa ce babbar ɓarauniya, ita da ƙurar hunturu. Akwai kuma Global Solar Atlas na Bankin Duniya in kana so ka gwada na biyu.

Mataki na 6, nemo kudu na gaskiya

Toh an ce fuskanci kudu, ina kudun? Kowa zai zaro kamfas ɗin waya. Matsalar ita ce a kan kwano kake, ga rodi ga tankin ƙarfe ga waya mai wuta, kamfas ɗin waya yana haukacewa a irin wurin nan, ka juya sau uku ya baka amsa uku. Bambancin arewar maganaɗisu da arewar gaskiya a yankinmu kaɗan ne, ba shi ne damuwar ba, ƙarafan da ke kewaye da kai ne. Su ma manhajojin nan irin Sun Seeker da Sun Surveyor masu nuna hanyar rana a cikin kyamara, suna da kyau ƙwarai wajen ganin ko bishiya za ta tare, amma da kamfas ɗin wayar suke aiki, in ya karkace su ma sun karkace.

Rana bata da wannan matsalar. Ka duba Culmination na ranar a SunCalc, ka ɗaura dutse ko ƙaramin ƙarfe a igiya ka rataya shi ya tsaya cak a wurin da ƙasa take a baje, daidai wannan mintin ka ja layi a kan inuwar igiyar. Wannan layin shi ne arewa da kudu na gaskiya, babu gardama. Ka fi samun sa da kyau daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin da inuwar zawali take da tsawo, a Afrilu da Agusta kam bata da amfani tunda kusan babu ita.

Kuma ka lura rana tsaka ba ƙarfe 12 ba ce. Agogonmu an ɗaura shi ne a kan longitud 15, kowane digiri ɗaya da ka yi yamma da nan rana tana makara maka minti 4. Kano tana 8.5 saboda haka a matsakaici 12:26 ne, Maiduguri 12:07, Sakkwato 12:39, kaga fiye da rabin awa kenan tsakanin Borno da Sakkwato, shi ne dalilin da 'yan Borno suke riga mu shan ruwa da azumi. Bayan haka kuma yana lilo a shekara, a Kano farkon Nuwamba zawali yana sauka har 12:10, wajen 11 ga Fabrairu ya kai 12:40. In kana son na wata guda a jere shiga timeanddate.com ka nemi garinku a sashen rana, zai baka jadawali na kowace rana da fitowa da faɗuwa da rana tsaka da tsayinta. In kuma kana son tabbatarwa da wani, akwai NOAA Solar Calculator na hukumar yanayi da teku ta Amurka, ka sa latitud da longitud da awa 1 da kwanan wata, har fayil ɗin Excel suke bayarwa na shekara guda wanda za ka sauke ka yi aiki da shi ba data. Ni duk lokacin da na haɗa su ukun bambancin baya wuce minti guda.

Alƙibla

Wannan ɓangaren ya fi na sola muhimmanci a wurina. Mu da bakinmu muna cewa fuskanci gabas, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla, amma gabas ta lissafi 90 ce, alƙiblar Kano kuwa wajen 68 ce, wato ka karkata hagu daga gabas da digiri 22. Sakkwato da Damagaram wajen 71, Maiduguri wajen 66, Abuja wajen 65. Wanda ya bi mafitar rana da hunturu ya ja sahu, ka tuna tana 114, ya kauce da kusan digiri 46.

Hanya mafi sauƙi wadda bata buƙatar komai sai agogo mai kyau ita ce ranar da rana take tsayawa a kan Ka'aba. Makka tana latitud 21.4, saboda haka sau biyu a shekara abin yake faruwa, 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da 15 ko 16 ga Yuli da 12:27. A agogon Najeriya da Nijar 10:18 da 10:27 na safe kenan, Gana 9:18 da 9:27, Sudan 11:18 da 11:27. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take ya fuskanci Ka'aba. Kar ka kalli ranar da ido, inuwa za ka bi. Rataya igiyarka da dutse tun goma saura, saita agogonka da na intanet, lokaci na cika ka sa ƙusa ɗaya a ƙarshen inuwar ɗaya a gindin igiyar. In ka tsaya a ƙarshen inuwar ka kalli igiyar toh alƙibla kake kallo. A Kano rana tana wajen digiri 59 a lokacin, igiya mai mita 2 za ta baka inuwar mita 1.2, ta isa jan layi mai kyau. Na Mayu ya fi tabbas saboda a Yuli hadari yana iya rufewa, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ko bayan ranar a lokaci ɗaya ma kuskuren ƙanƙani ne.

In ba za ka iya jira Mayu ba, nan SunCalc yake shigowa. Ka san alƙiblarka 68, ƙara 180 ya zama 248. Sa kwanan watan yau ka riƙa jan lokaci bayan azahar har Azimuth ya nuna 248, ka rubuta mintin. A wannan mintin rana tana bayanka daidai, inuwar igiyar da kanta tana nuna alƙibla. Misali ran 21 ga Maris a Kano wajen 2:20 na rana ne. Akwai lokutan da ba za ka samu ba, a tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a 246 bata kai 248 ba, da damina kuma sai dai ka nemi 68 ɗin kanta da safe. In masallacin unguwa ne ka gwada ka ga ya ɗan kauce, don Allah kar ka tashi bayan sallah ka ɗaga waya kana cewa an yi kuskure, ka samu liman ku biyu ka nuna masa, ka gayyace shi ran 28 ga Mayu ya gani da idonsa, hukuncin abin da za a yi kuma na malamai ne.

Haka ma la'asar, ƙa'idar da muka karanta a mazhabar Malikiyya ita ce inuwar abu ta kai tsayinsa bayan inuwar zawali. Da shafin za ka iya ganin wannan ƙarara, bar tsayi a mita 1, duba Shadow length da zawali, ƙara 1 a kai, ka ja lokaci har ya kai. Ran 21 ga Disamba a Kano 0.71 ne, ya zama 1.71, yana faɗawa wajen 3:40. Ban ce ka bar ladanin unguwarku ka bi waya ba, amma ɗalibin da ya gwada wannan sau ɗaya da sanda a tsakar gida babin lokutan sallah ya zauna masa.

Masu gini da masu kiwo

A taƙaice, in fili ne za ka fara gini ka ɗora alamar a kan filin ka duba layin faɗuwar rana a Afrilu da Mayu, ɗakin da tagarsa ke kallon nan shi ne zai zama tanda da bazara, ka sa bandaki ko sito a wannan ɓangaren ko ka dasa bishiya. Ɗakin kaji kuma a miƙe shi gabas zuwa yamma yadda ranar safe da ta yamma za su bugi gajerun bangon.

Ni dai a ƙarshe abin da muka yi, na zana layukan nan uku na Disamba a kan rufin da alli, muka ga akwai wuri a gabas da tankin kuma ɗan kudu da shi wanda babu layin da ya shiga, muka kwance fanel huɗun muka matsar da su mita 3, muka ƙara waya. Na sake hawa ran 21 ga Disamba da ƙarfe 9 da kuma huɗu saura kwata na tsaya na kalla, inuwar tankin ta wuce ta gefe bata taɓa ko kusurwa ba. Saura darbejiyar maƙwabcina da ke kudu maso yamma, na auna ta bana ta fi rufin da mita 1 da rabi, na sa a waya in sake aunawa kowace kaka kafin sanyi ya shigo.